Shekarar Da Gonar Chaza Ta Huta

Ƙarfe biyar saura kwata na yamma, ranar Laraba, a makon ƙarshe na watan Maris. Na san lokacin daidai saboda ban daɗe da rubuta shi a saman shafi ba. Tun ina ƙarama ba na fara rubutu sai na sa rana da lokaci. Ina zaune a bakin ƙofar ɗakinmu ina sake kwafe darasin ranar da tsabta, Baba kuma yana kan benci, ya cire riga saboda zafi. Sai ya ce, "Malama, duba mini. Shekara nawa muka yi muna noma gonar Chaza?"

Malama yake kirana, don ni ce mai yawo da biro a soke a gashi. Sunana Rahila. Shekarata goma sha uku a lokacin.

Yau shekara goma sha huɗu ke nan. Abin da ya dawo mini da ranar shi ne ruwan farko na bana, wanda ya same ni a gida Suleja, na zo hutu daga makaranta da jakar littattafan da nake son in gama. Kwana uku hadari yana haɗuwa ta wajen Madalla yana watsewa, zafi kamar an kife mutum da kwano. Da ya tashi saukowa, ƙanshin ƙasa ya riga shi shigowa ta taga. Mama ta fita da bokitai tana tarar ruwan kwano, ni kuwa na kasa juya shafi. A da, washegarin irin wannan ruwa ba za ka ga namiji a unguwarmu ba, kowa ya yi gona tun da asuba. Yanzu ma da asubar suke fita, amma bakin titi suke nufa, neman motar Abuja.

Iyayena daga kudancin Kaduna suka zo, haya muke yi, ɗaki biyu. Da rani Baba yana leburanci wajen masu gini, da damina ya koma gona. Gonar tana Chaza, a gefen gari, kuma ba tamu ba ce. Aro ce daga hannun Alhaji Gambo, wani dattijo ɗan asalin gari, kuma abin da yake karɓa kawai damin dawa biyu duk kaka, don kada a manta mai ƙasar. Ita ke ciyar da mu mu biyar, ni da ƙannena mata biyu da iyayenmu: masara, dawa, wake, da doya kaɗan a gefen rafi.

A cocinmu akwai zauren koyarwa da Malam Ishaku ya kafa, tsohon malamin firamare ne da ya yi ritaya. Abin da ya sa a gaba shi ne idodi, wato bukukuwan ibada, da Allah ya ba Isra'ilawa ta hannun Musa. Yakan ce ba za mu fahimci Almasihu sosai ba sai mun san idodin da shi kansa ya kiyaye. Kuma ba ya tsayawa a kan allo. Da muka zo Idin Ƙetarewa, mata suka gasa gurasa marar yisti a kasko, muka ci da ɗanyar shuwaka, a tsaye, da takalma a ƙafa. Da muka zo idin busa ƙaho, ya samo ƙahon rago a mahauta, warinsa ya kori rabin ajin kafin wani ya iya fitar da sauti. Idin Bukkoki kuwa, bukkokin kara muka kafa a harabar coci muka zauna a ciki mako guda. Ni aka ba aikin rubuta darussa, tunda ba na magana kuma ba na tsallake komai.

A wannan Larabar ya koyar da shekarar hutun ƙasa. An umarce su su yi noma shekara shida, ta bakwai su bar ƙasa ta huta, ba shuka ba girbi, sai abin da ya tsiro da kansa. An kuma yi musu alkawari cewa amfanin shekara ta shida zai ishe su har su sake shuka. Malam Ishaku ya rufe littafi ya ce, "Wannan dai ba mu da yadda za mu gwada. Mu je mu yi tunani a kai." Baba ya yi tunanin tun daga coci har gida.

Tambayar da ya yi mini tana da amsa biyu, kuma na san dukkansu. Shekarar farko a makare aka ba mu gonar, sai sharar daji muka yi da ɗan wake a kusurwa ɗaya. In an ƙirga ta, mun yi shida. In ba a ƙirga ta ba, biyar ne, da saura. Amma ni na tsani in ce "ya danganta", kuma na ji daɗi babba ya tambaye ni abu yana jiran bakina. Na ce, "Shida muka yi. Bana ta bakwai."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce, "To. Bana gona za ta huta."

Na juya wajen madafa ina jiran Mama ta fito da muciya a hannu. Mama mace ce da ke gardama da mai tumatir, da mai gidan haya, har da fasto in ta kama. Daga cikin hayaƙi abin da ta ce kawai shi ne, "Allah ya ba mu ikon cikawa."

Gaskiya kakar da ta wuce ta yi kyau fiye da kowace. Buhunan masara da dawa sun kusa taɓa rufin ɗakin ciki, har mu yara muna kwana a matse a gefensu. Baba ya riƙa dafa su yana cewa ga alkawarin nan, an riga an cika.

Ruwa ya zauna a watan Afrilu. Kullum da asuba muna jin maƙwabta suna wucewa, garma tana karo da galan ɗin ruwa a bayan keke. Tamu garmar Mama ta naɗe ta a buhu ta cusa a saman rufi, inda sai an taka kujera. Baba ya koma ƙarƙashin mangwaro yana sassaƙa ƙota yana gyara wa mutane fartanya. Leburancin ma tun watan Janairu ya daina, ya ce masu gini sun tsaya. Masu wucewa ba su bar shi ya sha iska ba.

"Baban Rahila, an ce gonarka ta yi ritaya. Yaushe za a fara ba ta fansho?"

"Ku dai ku wuce, rana tana yi," yake cewa, yana dariya. Amma bayan sun wuce yakan bi bayansu da ido har su sha kwana.

Da mazan coci suka sa gayyar noman farko a gonar wani dattijo, Baba ya tashi da sassafe ya ɗaura tsohon wandonsa. Ya ce ƙasarsa ce ke hutu, ba hannunsa ba. Mama ta tsaya a ƙofa, ta cika ta.

"Ba a yi wa Allah rabi-rabi. Mai hutu ba ya taɓa fartanya, ko a gonarsa ko a ta wani."

"Saratu, a ina aka rubuta haka?"

"A inda aka rubuta sauran. Koma ka zauna."

Na san ba a rubuta haka ba, na duba sau biyu. Baba ya koma kan benci, Mama ta ɗaure ƙugu da ɗankwali ta tafi a madadinsa. Daga ranar ni da ita muka shiga ƙwadago a gonakin mutane, Asabar da ranakun hutu, ana sallamar mu da ɗan hatsi ko rogo. Ina jin haushinta a raina. Ita da ya kamata ta hana, ita ce ta fi shi tsanani.

A watan Mayu Malam Ishaku ya zo gidanmu, da lema a hammata. Bai ko gama shan ruwan da na kawo masa ba.

"Yohanna, ni ban ce ka yi haka ba."

"Malam, ka ce mu ci shuwaka, mun ci. Ka ce mu zauna a bukka, sauro ya ci rabonsa kwana bakwai. A ina ka ja layi ka ce daga nan kuma ba da gaske ba ne?"

"Waɗancan don tunawa ne, ba wanda ya rasa abinci saboda su. Mutanen da aka ba wannan doka ƙasarsu ce, gādonsu ne. Kai aro kake yi."

"Su ma ai an ce musu baƙi ne, ƙasar ta Ubangiji ce. Da bakinka ka faɗa." Ya juyo gare ni. "Malama, ba haka ya ce ba?"

Yana nan a shafina, har na ja masa layi a ƙasa. Na ce, "Haka ne, Baba."

Malam Ishaku ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Da zai tafi ya ce, "Har ƙarshen Yuni dawa tana kamawa. Ina roƙonka." Mama ta raka shi bakin hanya, suka daɗe a tsaye, ita ke magana shi yana kallon ƙasa. Bai sake zuwa da wannan zancen ba. Yuni ya zo ya wuce.

Bangon ɗakin ciki yana tsotsar ruwa, ba mu lura ba sai da wari ya fara fita. Buhunan da ke jikin bango sun yi fumfuna, masarar ta koma kore ta dunƙule. Na tsakiya kuma ƙwari sun shige su. Da rana tsaka, in gida ya yi tsit, kana jin su suna ci, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana suya a nesa. Ka ɗebi masara a hannu ka ji ba nauyi, ka matsa ta zama gari. Aikinmu ya zama shanya: rana ta leƙo mu baza tabarmi, hadari ya taso mu kwashe da gudu, wani lokaci sau uku a yini. Mama tana tankaɗe tana fitar da ƙwarin, tuwon duk da haka yana ɗaci.

Abinci ya koma sau biyu. Koko da safe ba sukari, tuwo da yamma. Daga baya tuwon ya riƙa yin ruwa, har ya zama sai da cokali. Abin da ya tsiro da kansa an yarda mu ci, don haka duk bayan kwana uku nakan tafi gonar neman gyauro. Ciyawa ta fi ni tsawo. A cikinta nake laluben rama da yakuwa da lalo da tafasa, da 'yan karan masara sirara da suka fito daga ƙwayar da ta zube bara, goyonsu bai kai yatsa ba. Hagu da dama gonakin mutane ne, layi-layi, kore shar. Tamu tana tsakiya, baƙa-baƙa, kamar gurbin haƙorin da ya fita. Ba na jin tsuntsu a ciki. Sau biyu na taka saɓar maciji.

Wata rana a ƙarshen Yuli na tarar an sare hanya a miƙe ta tsakiyar ciyawar, daga wannan iyaka zuwa waccan. Akwai sawun manyan takalma a laka, da turke da aka shafa wa jan fenti. Na tsaya ina kallonsa har tururuwa suka hau ƙafata. Na dawo gida da ramata ban gaya wa kowa ba.

A lokacin ƙafafun Baba suka fara kumbura. Takalminsa na coci ya daina shiga, ya koma silifa. Daga mangwaro zuwa ɗaki sai ya tsaya ya dafa bango. Na taɓa karantawa a littafin makaranta cewa rashin abinci mai gina jiki yana kumbura ƙafa, sai na riƙa rage rabona ina turawa cikin kwanonsa in ba ya kallo. Miyarsa daban Mama ke yi, ba gishiri. Na ɗauka wani sashe ne na alkawarin da ya yi wa Allah.

Marka ta kama a Agusta. Kwana biyar, shida, ba a ga rana ba. Wanki ba ya bushewa, itace ba ya kamawa, hayaƙi ya cika ɗaki idanunmu suna ruwa. Rafin bayan unguwa ya cika ya shanye gadar katako. A cikin wannan ruwan, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Alhaji Gambo ya zo da kansa, ya tattare babbar riga, laka har idon sawu. Bai taɓa zuwa gidanmu ba.

Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi ruwa. Sannan ya ce, "Yohanna, sau biyu ina aiko maka."

"Saƙo ya iso, Alhaji."

"Wane irin azumi ne wannan naku da har ƙasa ake sa wa?" Ya yi murmushi, amma bai kai zuci ba. "'Ya'yana sun daɗe suna so a yanka wurin nan filoti-filoti. Duk shekara ina ce musu akwai shukar mutum a kai. Ba a karɓe gonar aro da shuka a tsaye, kowa ya san haka, su ma ba su isa ba. Bana suka sa ni a mota suka kai ni har wurin, suka ce, Baba, nuna mana shukar. Na duba, na duba. Da ko rogo layi biyu ka kafa a bakin hanya, wallahi da na sami abin nunawa."

Baba ya ce, "Ba laifinka ba ne, Alhaji."

"Mu ma muna barin gona ta huta. Amma mai ita ke barinta. Wanda aka ara wa in ya bari, cewa ake yi ya gama da ita." Ya miƙe da ƙyar. "Ka yafe mini. An riga an sa hannu."

Ya aiko mana da rabin buhun masara washegari. Mai kyau ce, ba ƙwaro ko ɗaya. Mun ci ta muna jin kunya.

Da Ranar Kafara ta cikin idodin nan ta zo, Malam Ishaku ya sa azumin yini guda. Ƙanwata Lami, mai shekara shida, ta tambayi Mama ko wannan azumin daban yake da wanda muke yi. A Idin Bukkoki, karan da ake kafa bukkoki da shi daga gonarmu yake fitowa duk shekara. A wannan shekarar daga wani wuri aka samo, ba wanda ya yi maganar. Na zauna a cikin bukkar ina rubuta darasi a kan yadda Allah ya ciyar da mutanensa a jeji, yunwa tana cina, amma ban tsallake kalma ba.

Kafin Kirsimeti an fara jera bulo a inda doyarmu take. Ba mu sake noma ba. Mama ta kafa kaskon ƙosai a bakin titi, da shi muka yi karatu. Baba ya ƙara shekara huɗu, yawancinsu a kan benci, yana gyara ƙota, yana sa ni in karanta masa darussan zauren in bai iya zuwa ba. Ya rasu a farkon wata damina.

Ni kuwa na jera abin a kaina yadda nake jera komai. Na ce bakwai, gona ta tafi, yunwa ta shigo, ƙafafunsa suka kumbura, daga nan bai sake miƙewa ba. Kowane mataki yana riƙe da na bayansa, na farkon kuma bakina ne. Ban taɓa gaya wa kowa akwai amsa ta biyu ba. Har yanzu ina zuwa zauren in na zo gida, wani ne ke koyarwa tun da Malam Ishaku ya tsufa, kuma ina son idodin nan kamar da. Sai dai in aka zo shekarar hutu, nakan sami dalilin fita waje.

Washegarin ruwan nan na bana, da hantsi, Mama tana zaune a tsakar gida tana tsince waken ƙosai. Ƙasa ba ta gama bushewa ba. Na zauna kusa da ita na ja faranti kamar taya ta zan yi. Na daɗe ina juya ƙwaya ɗaya a hannu.

"Mama, shekarar farko a gonar Chaza wake kawai muka shuka. Bai kamata in ƙirga ta ba. Na sani tun a ranar. Da na ce biyar, da Baba ya shuka, da ba a karɓe gonar ba, da bai..."

Mama ta ajiye hannu a cikin waken ta dube ni, irin duban da take yi wa mai tumatir.

"Shi kike ɗauke da shi duk shekarun nan? Ke dai da rashin magana, Rahila. Kina ganin ban san wake kawai muka shuka ba? Ni na shuka shi, da cikin Lami.

"A watan Janairu na shekarar nan likita ya ce zuciyar babanku ta kumbura. Ya ce in ya sake huɗar damina ɗaya, a kan kunya za a ɗauko shi. Babanku ya sa na yi masa alkawari ba zan gaya wa yara ba. Leburanci ya bari, don wannan ana iya cewa babu aiki. Gona kuwa ya ce ba zai zauna mutane su ce ya kasa ba. Na yi kuka, na yi faɗa, bai ji ni ba, bai ji likita ba. Mutumin nan Allah kaɗai zai ce masa ya ajiye garma ya ajiye. Kuma da na shuka ko layi ɗaya a gonar nan, da ya biyo ni. Na san za a karɓe ta, tun kafin Alhaji ya aiko na sani. Ranar da ya tambaye ki, ina madafa tuwo yana ƙonewa, ina cewa, Ubangiji, ka sa yarinyar nan ta ce bakwai."

Ta mayar da hannu cikin waken.

"Kika kuwa ce. Miƙo mini faifan nan."